Bangon Hagu

Masu karatu, yau sai kun yi haƙuri da ni, a gajiye nake rubutun nan. Ba gajiyar aiki ba ce, don tun safe ko tsinke ban ɗaga ba. Gajiya ce ta wadda ta shekara goma sha takwas tana gyaɗa kai ga maganar da rabinta kawai ta ji.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, bari in gaya muku abin da ko a danginmu ba kowa ya sani ba. Kunnena na hagu ba ya ji. Ina 'yar shekara tara wani zazzaɓi ya kwantar da ni sati biyu, da ya tashi tafiya ya tafi da shi. Na dama lafiyarsa ƙalau. In kun ganni ba za ku taɓa ganewa ba, kunnen yana nan da ɗan kunnensa mai kyau, amma ado ne kawai. Kullum ɗaurin ɗankwalina a karkace yake, ya rufe hagu ya bar dama a sarari. Ƙawayena sun ɗauka salo ne, har akwai masu kwaikwayo.

Namiji ɗaya na taɓa gaya wa, shekara uku da suka wuce. Ya gaya wa mahaifiyarsa, ita kuma ta aiko a tambaya ko ana gadon abin. Kafin sati biyu wayarsa ta koma kullum a kashe. Tun daga nan Umma ta kafa doka.

“Ba ƙarya na ce ki yi ba,” in ji ta, “shiru na ce ki yi. In an ɗaura ya gani da kansa, lokacin ya riga ya saba da ke.”

To da dokar nan na shiga soyayya da wanda nake shirin aure yanzu, wata tara ke nan. Aikinsa gyaran injinan asibiti, mutum ne mai tsabta da son tsari, irin wanda ko takalmi ya cire sai ya daidaita kawunansu. Autarmu ce ta raɗa masa Malam Sinima, sunan kuwa ya bi shi har Umma ta kama. Shi in ana kallon fim ba labarin ne ya dame shi ba, sautin ne. Zai iya tsayar da fim a tsakiya ya ce, “Kin ji yadda ƙofar nan ta rufe? Ta bayanmu ta rufe fa.” Ni kuwa in ce, “Kai, wallahi kuwa.”

Ku duba min wannan rabo. Maza cike da gari, masu son ƙwallo, masu son mota, masu son barci, amma ni sai aka haɗa ni da mai son sauti.

A gidan da yake gama ginawa, tun ana jera bulo ya ware ɗaki guda na kallo. Ya sa an bar ramuka bakwai a jikin bango, uku a gaba, ɗaya a kowane gefe, biyu a baya, aka binne bututun waya kafin a yi shafe. A cikin ramukan ake zaunar da sifika, a rufe bakinta da raga, a shafa wa ragar fenti irin na bangon. In kin shiga ɗakin ba za ki ga komai ba sai bango ruwan ƙasa sumul, amma in aka kunna, sauti ya dinga fitowa ta ko'ina. Kujera mai zaman mutum biyu tana tsakiya, an auna wurinta da igiyar awo, har ya sa alama a ƙasa kada wani ya matsar.

Wanda ya yi aikin wani dattijo ne, kowa Baba Mai Sifika yake ce masa. Siriri ne, da furfura a gemu, da fensir a bayan kunne. Shekara talatin yana haɗa sauti a gidaje da ɗakunan taro, shi kaɗai yake aikinsa, ba ya son a taɓa masa kaya.

Saura gwaji kawai aka tura Malam Sinima kwas na wata ɗaya. Ranar da zai tafi ya turo min saƙo:

“Na gaya wa Baba ke za ki karɓi aikin. Ki zauna a kujerar, ki saurara, abin da kika ce shi za a yi. Kunnenki ne alƙali.”

Na karanta na ajiye wayar a kan cinyata, na daɗe ina kallon fankar ɗakinmu. Sannan na rubuta, “To, Allah ya kai ka lafiya,” na saka hoton zuciya guda biyu.

Ranar gwajin Anti Ƙarama ce ta raka ni, ƙanwar Umma, wadda duk wani sirrin gidanmu a jakarta yake. Na saka doguwar riga ruwan toka da farin mayafi, don ɗakin har yanzu ƙura yake. Baba ya zaunar da ni, ya kafa wata 'yar makirfo a kan sanda daidai kaina, Anti ta zauna a gefena riƙe da wayata, Malam Sinima yana ciki ta bidiyo sai washe baki yake.

“'Yata,” in ji Baba, “zan saki iska ta kowace sifika, ɗaya bayan ɗaya. Ke dai ki gaya min ko ƙarfinsu ɗaya.”

Ya fara. Shhhh ta gaba. Shhhh ta dama, ras a kunnena. Shhhh ta baya. Da ya zo ta hagu, sai na ji abin can ƙasa-ƙasa, kamar ana shara a gidan maƙwabta.

Na san amsar da ya kamata in bayar. Shekara goma sha takwas ina ba da ita. Amma daga cikin wayar sai ya ce, “Ki faɗi tsakaninki da Allah fa, kada ki ji kunyar Baba. Abin da kika ji kawai.” Ban san me ya shiga kaina ba. Wataƙila don ba a taɓa tambayata abin da na ji ba, kullum abin da ya kamata in ji ake tambaya. Bakina ya riga hankalina.

“Ta hagun kamar ba ta fita sosai.”

Anti ta mintsine ni a cinya har sai da na ga taurari. Baba ya duba allon na'urarsa, ya sake sakin iskar, ya sake dubawa.

“Daidai suke,” ya ce. “Ga shi nan a rubuce, ko ɗigo babu bambanci.”

“Anti, ke me kika ji?” in ji Malam Sinima.

Anti ta dube ni, na dube ta. In ta ce daidai suke, tambaya ta gaba a kaina za ta faɗo. Ta gyara zaman mayafinta ta ce, “Ai ni tun ɗazu nake so in yi magana. Ta hagun nan sam ba ta da rai.”

Shi ke nan, shaidu biyu. Baba ya yi ƙoƙarin bayani, ya ce na'urar ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Malam Sinima ya katse shi cikin ladabi, amma da muryar da yake yi wa ma'aikatan da suka ɓata masa inji.

“Baba, mutum biyu sun ji da kunnensu. Na'ura ce za ta zauna a ɗakin ko matata? A matso da ta hagun kusa da kujera, a ƙara mata ƙarfi. In sai an fasa bango, a fasa.”

Muna shiga tsakar gida Anti ta cire takalmi ta wurgar.

“Yaya, zo ki ji abin da 'yarki ta ja mana. Yau ni da girmana na yi shaidar zur a kan bango!”

Umma tana ninke wanki a kan tabarma. Ta saurara har ƙarshe, ba ta daina ninkin ba. “To ai an wuce wurin,” ta ce. “Bango ne, a fasa a gyara. Ke kuma daga yau in an tambaye ki, komai daidai ne. Kin ji ni ko sai na zagayo ta ɗaya gefen?”

Auta ta tuntsire da dariya. Ni ma na yi, don a gidanmu haka ake yi da zancen kunnena, a yi wasa da shi a cikin gida, a binne shi a waje.

Bayan kwana uku na koma gidan, a cewar Malam Sinima in je in ga yadda aikin yake tafiya in ɗauko masa hoto. Anti ta tsaya a waje tana waya. Na shiga na tarar da bangon hagu a farke. Fentin nan da aka shafa sau uku ya zube, an tsaga wata doguwar hanya a jikin shafen don a ja bututu zuwa sabon rami, tsohon ramin kuma ya yi hamma. Baba yana tsugune da guduma, farar ƙura ta rufe masa gira da gemu, ya ɗaure hanci da tsumma. Mutumin da a haife ya isa ya yi jika da ni, yana fasa aikin da ya yi daidai saboda kalma bakwai da na faɗa.

“Sannu da aiki, Baba.”

“Yawwa 'yata.”

Na juya ina ɗaukar hoton. Can na ji an taɓa gefen mayafina, na zabura. Ashe yana tsaye a haguna.

“Sau uku na ce ki matsa kada ƙura ta ɓata miki riga,” ya ce. Ya zagayo ta damana a hankali, ya sauke tsumman daga hancinsa. “Shekara talatin ina aiki da kunnuwan mutane. Tun ranar gwaji na ga yadda kike karkata kai. Ba bangon ba ne, ko?”

Na tsaya riƙe da waya. Hawaye ne kawai suka amsa masa.

“Bai sani ba?”

Na girgiza kai.

“To ba a bakina zai ji ba, ba hurumina ba ne. Ni an ce in matso da sifika, zan matso. Zan kuma saita miki ɗakin yadda ke za ki ji shi daidai, tunda ke aka ce alƙali. Amma ki sani, duk mai kunne biyu da ya zauna a kujerar nan, minti ɗaya ya isa ya san akwai magana.”

Sati biyu ya ɗauka. Ya toshe tsohon ramin, ya yi shafe, ya jira ya bushe, ya goge, ya shafa fenti har ba a gane inda aka taɓa. Ranar da ya gama ya zaunar da ni ni kaɗai, ya saka wani fim da ake ruwan sama a cikin daji. Ba zan ce muku na ji ta hagu ba, mataccen kunne ba ya tashi. Amma a karon farko tun ina yarinya babu ɓangaren da ya fi wani. Ruwan bai tsaya a gefe ɗaya yana jirana in juyo ba, ya cika ɗakin gaba ɗaya, ni kuma ina tsakiyarsa. Na zauna ban karkata kai ba, wuyana ya huta. Na yi kuka sosai, Baba ya juya baya yana naɗe wayoyin da tuni a naɗe suke.

Na rubuta wa Malam Sinima, “Yanzu ya yi.” Wannan kam gaskiya na faɗa.

Ya amso, “Na san kunnenki ba zai ba ni kunya ba.”

Kwana goman da suka rage kafin ya dawo, ban san sau nawa na fara rubuta masa ba. “Akwai maganar da nake so mu yi.” In goge. “Ka san tun ina ƙarama...” In goge. Sau ɗaya har na kai ƙarshe, Umma ta shigo neman almakashi ta ga fuskata, ta karɓi wayar ta karanta. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Zama ta yi a bakin gado ta riƙe hannuna.

“Saura wata biyu,” ta ce. “Shekararki ashirin da bakwai. Na ga yadda kika koma bayan wancan, wata huɗu ba kya cin abinci sai na tsaya a kanki. Ba zan iya sake ganin haka ba. In kin tura wannan, ki san ban yafe ba.”

Ta goge da hannunta ta miƙo min. Ku gaya min, masu karatu, yaya ake faɗa da uwar da tsoro ne ya sa ta zama haka, kuma tsoron naki ne take ɗauke da shi?

Jiya ya dawo. Ko gida bai tsaya ya huta ba, da azahar ya zo ya ɗauke mu ni da Anti, yana ta zumuɗi kamar yaron da aka saya wa keke. Na saka atamfa shuɗiya da ya taɓa cewa tana yi min kyau, na daɗe a gaban madubi ina gyara ɗaurin da ba ya bukatar gyara. Mun tarar da Baba yana jira da wankakkiyar riga, ya share ɗakin tas, ya cire ledar kujera.

Malam Sinima ya shafa bangon hagu ya ce, “Kai, Baba, hannunka da kyau.” Ya cire takalmi ya daidaita su, ya zauna a tsakiyar kujera, ya lumshe ido. “Bismillah.”

Baba ya dube ni sau ɗaya, sannan ya kunna.

Ko minti ɗayan da ya ce ba a kai ba. Na ga girarsa ta haɗe, ya kai hannu ya toshe kunnen hagu, ya buɗe ido.

“Tsaya. Tsaya, Baba. Mene ne wannan?”

“Yadda aka ce a yi ne.”

“Aka ce a yi? Ɗakin gaba ɗaya ya karkace! Ta hagun nan kamar za ta fasa min kai, ta dama kuwa ko jinta ba na yi. Sake.”

Aka sake. Ya tashi ya zagaya, ya koma ya zauna, ya ce a saki iskar nan ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo ta hagu har Anti sai da ta yamutsa fuska. Ya juyo wurina.

“Haka kika ji kika ce ya yi?”

Anti ta yi caraf ta ce, “Ai ranar ba haka yake ba. Wataƙila bayan mun tafi ya sake taɓawa.”

Na dubi Baba. Yana tsaye ya haɗa hannuwa a baya, idonsa a ƙasa. Kalma ɗaya zai faɗa ya wanke kansa. Bai faɗa ba.

“Baba, da farko ta yi ƙasa, ka ce daidai ne. Yanzu ta yi sama, ka ce daidai ne.” Malam Sinima ya sassauta murya, abin da ya fi ihu ciwo. “Ba rashin kunya zan yi maka ba, amma ka taɓa zuwa an duba kunnenka? Shekaru sun ja. Mai wannan sana'a in kunne ya tafi, ai sai haƙuri.”

“Kunnena ƙalau yake,” in ji Baba a hankali.

“To me ya faru?”

Baba ya cire fensirin bayan kunnensa, ya juya shi, ya mayar.

“Ka gani ko?” in ji Malam Sinima. “Ni abin da ya fi damuna, mutum biyar na haɗa ka da su. Yayana ma jibi za ka fara masa ɗakin taro. Ba zan bari su shiga abin da na shiga ba.” Ya zaro waya, ya buɗe zauren abokansa, ya danna wurin ɗaukar murya ya riƙe. “Salamu alaikum, 'yan uwa, game da dattijon nan mai haɗa sifika da na ba ku lambarsa. A dakata da shi tukuna. Ina ganin kunnensa ya...”

Wallahi ban yi shawara da zuciyata ba. Na gaji ne kawai. Na gaji da zaɓar gefen kujera, na gaji da dariya don na ga ana yi, na gaji da kallon leɓen mutane. Ga shi yau an ɗauki ciwona an rataya wa bawan Allah, za a raba shi da abincinsa da sunansa a cikin saƙo ɗaya, shi kuma ya tsaya zai karɓa saboda ni.

“Kada ka tura.”

Ya dube ni, yatsansa yana kan wayar.

“Ke!” in ji Anti. “Zo mu je waje ki sha iska, ƙurar nan ce...”

“Kunnen Baba lafiyarsa lau. Nawa ne,” na ce. “Na hagu. Ba ya ji, ko kaɗan, tun ina shekara tara. Aikin farko daidai yake. Ni na sa aka fasa bangon, Anti kuma rufa min asiri ta yi. Wannan da ka ji, Baba ya saita shi ne yadda ni zan ji daidai. Haka duniya take zuwar min, a karkace, sai an ƙara wa gefe ɗaya.”

Ya ja yatsansa gefe, saƙon ya goge. Ya sa wayar a aljihu. Anti ta zauna a hannun kujera ta dafe kai tana salati ƙasa-ƙasa.

Na jira ya yi faɗa, ko ya tambayi abin da waccan matar ta aiko a tambaya. Bai yi ko ɗaya ba. Ya je gaban Baba ya rusuna har gwiwarsa ta kusa taɓa ƙasa.

“Baba, ka yafe min. Na ci mutuncinka a kan abin da ba ka yi ba.”

“Ba komai, ɗana. Tashi.” Baba ya ɗago shi. “A mayar da saitin yadda yake da?”

Malam Sinima ya dubi bangon hagu ya daɗe. “A bar shi tukuna,” ya ce. Ban san me tukunar nan take nufi ba, har yanzu ban sani ba.

Muka shiga mota, Anti a baya, ni a gaba. A mota kunnena na hagu ne yake fuskantar direba, shi ya sa wata tara duk tafiyar da za mu yi sai in juyo da jikina gaba ɗaya ina kallon bakinsa. Ya sha gaya min yana son yadda nake ba shi hankalina in yana magana. Jiya ban juyo ba. Na zauna sosai ina kallon titi, masu sayar da lemo, wata mata da ke jan yara biyu za su tsallaka. Ko ya yi magana a hanyar, ko bai yi ba, Allah kaɗai ya sani, sai kuma Anti.

Muna tsayawa a ƙofar gida Anti ta ɓalle murfin mota ta yi ciki da sauri har tana tuntuɓe, na san kafin in shiga Umma ta ji komai. Na kai hannu zan buɗe nawa, sai na ga ya kashe motar ya fita. Na ce shi ke nan, zai buɗe min ƙofa ne ya sallame ni cikin mutunci, irin nasa.

Ya zagayo ta gaban motar ya zo tagar da nake. Bai buɗe ba. Ya sunkuyo ya dafa ƙofar da hannu biyu, ta damana, daidai kunnen da yake ji. Idanunsa sun yi ja.

“Kina jina sosai a nan?”

“Ina ji.”

“Ba kunnen ne ya dame ni ba. Injinan gwada kunne nake gyarawa, na san mutum nawa ne suke yawo da guda ɗaya. Da kin gaya min ranar farko da ko a jikina. Abin da nake ta lissafi tun daga can shi ne, wata tara ina zuba miki magana. Nawa kika ji a ciki?”

Ni kaina ban sani ba.

“Akwai ranar da ruwa ya tsare mu a motar nan, a gaban wurin aikinki. Ruwan yana dukan rufi, ni kuma na kifa kaina a kan sitiyari don ba zan iya kallonki ba. Na gaya miki wata magana a kaina da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko mahaifiyata. Na ce in kin ga ba za ki iya ba, ki faɗa tun yanzu, ba zan riƙe ki ba. Da na ɗago kika yi murmushi kika ce ba komai. A kan ba komai ɗin nan na tura manya gidanku washegari. Kin ji abin da na ce ranar?”

Na tuna ruwan. Na tuna kansa a kan sitiyari, na ɗauka gajiya ce, na ɗauka ƙorafin aiki yake yi. Ta gefen idona na hango labulen tagar Umma ya motsa. Da na ce e, da an wuce wurin, kuma na iya faɗinta, babu wanda ya kai ni iyawa.

“Ban ji ba,” na ce. “Ko kalma ɗaya.”

Ya runtse ido, ya jingina goshinsa da ƙarfen ƙofar.

“To,” ya ce. “Juyo da kunnen mai ji, in sake faɗa miki.”